Kaluluwa da Allurar Rigakafi: Bayani ga Iyaye

A wasu lokuta uwa kan ga ɗan kumburi a hammatar jaririnta bayan an yi masa allurar rigakafi, musamman ta tarin fuka, sai ta tsorata ta daina kai shi asibiti. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani ga al'ummar Unguwar Lalle da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa.

Kumburin nan shi ne kaluluwa. A hammata da wuya da gindin cinya akwai wasu 'yan ƙulalai inda sojojin jiki ke taruwa su koyi gane cuta. Allurar da aka yi a dantse ko a cinya ba ta cika aikinta sai saƙonta ya isa can.

Domin haka ake haɗa wasu alluran da sinadarin ƙarin ƙarfi, wanda ke zaburar da sojojin jiki. Mafi daɗewa shi ne gishirin alminiyam, da Alexander Glenny ya gano amfaninsa a Ingila a 1926. Yana cikin allurar cututtuka biyar da aka fara yi wa jariran Nijeriya a 2012. Galibinsa yakan tsaya inda aka yi allurar, sai sojojin jiki su ɗauki saƙon zuwa ƙulalan.

A yau masana na ƙoƙarin aika sinadarin kai tsaye, domin sun gano cewa ƙwayoyi ƙanana ƙwarai kan bi magudanan ruwan jiki su isa ƙulalan da kansu. Misali shi ne Matrix-M, da ake samu daga ɓawon wata itaciya ta ƙasar Chile, wanda ƙwayoyinsa suka fi gashin kai siranta fiye da sau dubu. Shi ne ke cikin allurar zazzaɓin cizon sauro ta R21, da aka fara a maƙwabciyarmu Jihar Kebbi da kuma Bayelsa a Disambar 2024.

Saboda haka ƙaramar kaluluwa bayan allura galibi alama ce ta cewa jiki na aikinsa, kuma takan baje da kanta. Muna kira ga iyaye da kada a kai yaro wurin wanzami a tsaga ta. Idan ta girma, ko ta yi mugunya, ko zazzaɓi ya yi tsanani, a hanzarta zuwa asibiti mafi kusa. A riƙe katin yaro, a kuma kammala sauran alluransa a kan lokaci.