Gyaran Mota a Lafiya: Zamanin Sauraron Inji da Kunne Ya Wuce

A shekarar 1996, wadda a cikinta aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Amurka ta wajabta wa kamfanoni sanya tsarin binciken inji na OBD-II a ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur. Irin waɗannan motoci ne ke shigowa Nijeriya a matsayin 'yan tokumbo, kuma da yawansu suna jigilar fasinja da doya da riɗi tsakanin Adogi da Lafiya.

A da, bakanike kan saurari ƙarar Fijo 504, ya daidaita kafireta, mota ta tashi. Motar yanzu kuwa tana da 'yar kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar inji, wadda ke auna iska da zafi da juyawar inji, sannan ta ƙayyade man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan ta ga matsala, sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta ajiye lamba. Ana karanta lambar da na'urar da ake jonawa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari.

Sai dai lambar tana nuna inda ciwo yake ne, ba ta faɗin abin da ya haddasa shi. Alal misali, P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, kuma hakan na iya fitowa daga tiyon da ya tsage ko famfon mai da ya yi rauni. Don haka ƙwararren mai gyara kan gwada batir da fiyus da wayoyi tukuna, kafin ya ce a sayi sabuwar ƙwaƙwalwa.

Wasu ɗabi'u ma na jawo asara. Wanke inji da ruwa mai ƙarfi da juya wayoyin batir na iya ƙona ƙwaƙwalwar. Cire na'urar daidaita zafin ruwa kuma na sa inji ya daɗe bai ɗau zafi ba, ya riƙa shan mai fiye da kima.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, irin wannan ɓarna kai tsaye take cin ribar direba. Kuɗin bincike na gaskiya bai kai kuɗin kayan gyaran da aka saya bisa zato ba.