Kafin ka ɗaura ɗaki mai taya a bayan a-kori-kurarka

Mai kallon finafinan Amurka ya saba ganin a-kori-kura tana tafe tana jan wani ɗan ɗaki mai tayoyi, da gado da murhu da makewayi a cikinsa. Can kayan yawon shaƙatawa ne. Garin Elkhart na jihar Indiyana ya yi suna wajen ƙera su, kuma akwai filaye na musamman inda matafiyi zai biya ya kwana, ya jona wuta da ruwa. Mu a Zariya ba mu da irin waɗannan filaye, kuma babu mai hankalin da zai ce ka je ka kwana a dajin hanyar Birnin Gwari don nishaɗi. Amma ɗakin yana da masu buƙatarsa ta wata fuskar. Akwai manomin da ke zaune a Tudun Wada gonarsa tana Soba ko Maigana, in kaka ta yi sai ya kwana kusa da masararsa. Akwai ɗan kwangilar haƙa rijiyar burtsatse da zai yi mako guda a ƙauye, da mai safiyo, da mai kiwon zuma. Da irin waɗannan nake magana.

Yawancin masu saye da cikin ɗakin suke farawa: su danna katifa, su buɗe kabad, su kunna fanka. Ka bar wannan sai ƙarshe, ka fara da motarka, domin ita ce za ta faɗi irin ɗakin da za ka iya saye. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta ja, a rubuce cikin littafinta. Iyakar kuma biyu ce, ɗaya ta abin da ba shi da birkin kansa, ɗaya ta mai birki. A Hilux, ta marar birki kilo 750 ce. Ta mai birki kuwa ta danganta da samfuri: wasu masu injin dizal da suka fito daga 2015 suna kai kilo 3,500, amma mai injin fetur 2.7, wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu, ba ta kai haka ba, tsofaffin samfura ma haka. Ka tuna kuma adadin na mota ce mai cikakkiyar lafiya. Wadda ta yi shekara goma sha biyar tana ɗibar buhuna daga Giwa, kulocinta ya sha wuya, lagiretonta na yoyo, ba za a yi mata lissafin sabuwa ba. Tsohuwar Fijo 504, irin wadda kamfanin Fijo na Kaduna ya yi ta harhaɗawa, tana da darajarta, amma ƙaramin abu kawai za a ɗaura mata.

Ƙungiyoyin masu irin wannan ɗaki a Ingila suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin ɗakin da duk kayan cikinsa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar in babu lodi. Hilux mai ƙofa huɗu tana kusan tan 2, ka ga lissafi ya tsaya wajen kilo 1,700 ke nan. Wannan a kan kwalta mai santsi ne. A hanyoyinmu na gona, masu gargada da kwazazzabai, ni a ganina gara ka tsaya ƙasa da haka sosai.

Nauyin da dillali zai faɗa maka na ɗaki ne babu komai a ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 buhun masara ne cur. Ka ƙara batir, tukunyar gas, janareto, jarkokin mai, abinci da kayan aiki, sai ka ga kilo 300 ko 400 sun hau ba ka sani ba. Hanyar sanin gaskiya ɗaya ce, a hau sikelin manyan motoci irin na kamfanonin da ke sayen hatsi. Kuɗin awon ba shi da yawa, kuma mai sayarwar da ya ƙi a je awo ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma nauyin da ɗakin ke dannawa a kan maɗaurinsa, wato inda ya haɗu da mota. Nan ne sababbin shiga suka fi halaka. A Turai ana so ya kai kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ɗakin, a Amurka kashi 10 zuwa 15. In ya yi yawa, bayan mota zai zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta riƙa haska sama. In ya yi kaɗan, saboda an jibga kaya masu nauyi a can ƙarshen ɗakin, abin ya fi muni: da gudu ya ƙaru sai ɗakin ya fara lilo hagu da dama, yana fizgar bayan motar. Wani lokaci iskar wata babbar tirela ko doguwar bas da ta wuce ka a hanyar Kano ce za ta tayar da lilon. In ya fara, kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka yi ta murza sitiyari kana ƙoƙarin gyarawa. Ka riƙe shi miƙe, ka ɗage ƙafa daga totur, gudu ya ragu da kansa, sannan ka sauka gefe ka sake jera kaya. Masu nauyi a ƙasa, bisa gatarin tayoyi ko ɗan gabansa kaɗan, a ɗaure su kada su zame. Nauyin da ke kan maɗauri kuma cikin lodin motar ake ƙirga shi. A-kori-kura irin Hilux kusan tan 1 take ɗauka har da mutanen ciki, saboda haka ba za ka cika bodi da buhuna ba sannan ka ce za ka ja ɗaki.

Shi maɗaurin, a jikin shasi ake kafa shi da manyan notuna. Abin da wasu ke yi na sa mai walda ya ɗana ƙugiya a bamba ganganci ne da rayukan mutanen da ke bayanka. Kan maɗaurin ƙwallon ƙarfe ne, kuma awonsa ya bambanta: na Turai milimita 50, na Amurka inci 2, wato milimita 50.8, wasu manya inci 2 da 5/16. Bambancin milimita 50 da 50.8 ba ya ganuwa da ido, amma in baki ya fi ƙwallo girma, rami ɗaya ya isa ya ɓalle su. Sarƙoƙi biyu na ko-ta-kwana dole ne, a gitta su ƙarƙashin maɗauri yadda in ya kwance za su tare shi kada ya caki ƙasa. Fitilun birki da sigina su yi aiki tare da na mota, a manna ƙyalle mai walƙiya a baya da gefe. Wanda ya taɓa tuƙi da dare tsakanin Kwangila da Hunkuyi ya san abin da motar da ba ta da fitilar baya ke jawowa.

To daga ina za a samo shi? Hanya biyu ce, kowace da matsalarta.

Na waje, ɗan Beljiyam, yana da kyan gani da rashin nauyi, amma an ƙera shi ne don wata ƙasa. Na Amurka wutarsa bolt 120 ce, tamu 230. In ka jona shi kai tsaye da janaretonka, firij da caja sun tafi. Birkinsa ma galibi na lantarki ne, sai an sa wata na'ura cikin motar da za ta sarrafa shi, in babu ita kamar babu birki ne. Na Turai wutarsa irin tamu ce, birkinsa kuma da kansa yake kamawa in ɗakin ya turo motar daga baya, wannan ya fi sauƙi ga makanikenmu. Ka duba ƙofa kuma. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka ɗakin da aka yi wa Ingila ko Afirka ta Kudu ƙofarsa tana hagu, in ka tsaya gefen hanya cikin titi za ta buɗe. Da yara a ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babbar cutar tsohon ɗaki ita ce yoyo, domin ƙarƙashin farin kwanon nan katako ne. Ka shinshina, ka danna bango kusa da tagogi da kusurwoyin rufi, ka taka ko'ina a daɓen. Inda ya lotsa ya ruɓe, kuma abin da ruwan Agusta ya fara gara za ta ƙarasa.

Na gida kuwa, masu walda irin na Panteka a Kaduna za su iya ƙera maka, kuma gyaransa ba zai gagara ba ko a ƙauye. Sai dai sun fi son ƙarfe mai kauri, ɗakin ya fito da nauyin da ba wanda ya auna, sau da yawa kuma babu birki. Tun kafin a yanka ƙarfe ku yi yarjejeniya kan nauyi. In zai wuce kilo 750 da kaya, sai da birki. Ka nemi a sa masa gatari da tayoyin da kayan gyaransu ke samuwa a Sabon Gari, in da hali irin na motarka, safaya ɗaya ta yi muku ku biyu. A cusa soso tsakanin kwano da silin, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna da ragar sauro, in ba haka ba a watan Afrilu tanderun burodi ka saya.

Ko wanne ka zaɓa, ka karanta shekarun taya. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar ɗaki takan tsufa a tsaye, zanenta na nan sabo amma gefenta ya tsattsage. A ɗaga kowace ƙafa da jak a juya ta, in tana gurnani ko girgiza, boris ya mutu.

Batun takardu gajere ne amma kada a tsallake shi. Na waje sai da takardun kwastan na gaskiya. Lasisin tuƙi aji-aji ne, kuma ba kowane aji ne ya halatta jan tirela ba, don haka ka je ofishin hukumar kiyaye haɗurra ka tambayi ajin da ya dace da kai da yadda za a yi rajista, tun kafin 'yan KASTLEA, masu kula da dokar hanya a jihar Kaduna, su tambaye ka a kan titi.

Sai wurin ajiya, abin da mutumin Tudun Wada ya kamata ya fara tunani tun kafin ya ciro kuɗi. Lungunanmu ƙanana ne, ga kwatoci a buɗe, ga 'yan acaba da masu Keke. Mota da ɗaki sukan kai mita 10 ko fiye. Ka auna ƙofar gida da faɗin layi da tef. Komawa baya da ɗaki ma ilimi ne daban, domin in ka juya sitiyari dama shi hagu zai nufa. Ka samu fili babu jama'a ka koya, wani na tsaye yana nuna maka, kafin ka shiga cunkoson Agoro ko Ƙofar Doka. A babbar hanya, ƙa'idar Jamus ga mai jan irin wannan ɗaki kilomita 80 ce a awa, kuma titunansu sun fi namu. Mota za ta ƙara cin mai, birki zai ƙara tsawo, kuma ba a ɗaukar mutum a cikin ɗakin ana tafiya.

Ɗan ƙaramin mai gatari ɗaya, wanda zai ɗauki katifa biyu da tankin ruwa, ya ishi mai farawa. In ka san wani mai shi, ka roƙi ya bar ka ka ja shi zuwa Shika ka dawo kafin ka yanke shawara. Ranar da za ka fara kwana a ciki kuma, don Allah janareto ya kwana nesa da taga, kada a shigar da gawayi ko a bar gas a kunne don ɗumin hunturu. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, kuma ya sha kashe iyali guda a ɗakunan da suka fi wannan girma.