Fitinar Darfur da Giwayen Zakuma

Gandun dajin Zakuma, wanda hukumar Chadi ta keɓe a shekarar 1963 a kudu maso gabashin ƙasar, kusa da garin Am Timan, yana da giwaye fiye da 4,000 a shekarar 2002, amma kafin 2010 ta ƙare waɗanda suka saura ba su kai 500 ba. Kuma duk wanda ya yi tadabburi a kan waɗannan shekaru zai ga sun dace da zamanin da fitinar yankin Darfur na Sudan ta ɓarke a 2003, ta tsallako iyaka, har Chadi ita ma ta afka cikin yaƙin basasa daga 2005.

Giwayen nan ba a fagen daga suka halaka ba. Yaƙi ya watsa bindigogi a hannun jama'a, ya kuma ɗauke hankalin hukuma zuwa tsaron Njamena, babban birnin ƙasar, wadda 'yan tawaye suka kai wa farmaki a 2006 da 2008, alhali a daidai lokacin hauren giwa yana ƙara tsada a kasuwannin Asiya. Sai mahaya dawakai daga wajen Sudan suka riƙa kwararowa, musamman da damina, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyin mota, giwaye kuma suka fita daga gandun neman kiwo. Su buɗe wa garke wuta baki ɗaya, su sare haure, su bar gawarwaki ga ungulu.

A ra'ayina, illar da ta fi kisan muni ita ce wadda ta auka wa waɗanda suka tsira, domin saboda tsananin firgita sun dunƙule cikin garke guda, kullum a guje, har haihuwa ta kusan tsayawa cak na wasu shekaru. Giwa kuwa wata 22 take ɗauke da ciki, saboda haka ɓarnar damina ɗaya ba ta gyaruwa sai bayan shekaru masu yawa.

Masu gadin dajin ma ba su kuɓuta ba. Bayan da ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamar gandun a 2010, ta sake shirya sintiri, ta haɗa ƙauyukan kewaye da rediyo don su riƙa kai rahoto, sai mafarauta suka far wa masu gadi shida a sansaninsu na Heban a watan Satumba na 2012, suna cikin sallar asuba, suka kashe su. Duk da wannan ta'asa aikin bai tsaya ba, 'ya'yan giwaye suka sake bayyana, adadin garken kuma ya haura 500.

Sai dai tun watan Afrilu na 2023 yaƙi ya sake rincaɓewa a Sudan, dubban ɗaruruwan masu gudun hijira sun shigo gabashin Chadi, makamai kuma suna ta yawo a kan iyakar da mahayan farko suka biyo.