Musayar ƴan wasa a NBA: darasi daga ɗan Zariya a Toronto

Matasan Madawa, Buza da Keita masu bin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, sukan auna kowace musayar ƴan wasa da tambaya guda: wa ya samu gwani? Wannan ma'auni bai cika ba. Tun 1984 gasar ta gindaya wa ƙungiyoyi iyakar albashi. A kakar 2024-25 iyakar ta kai dala miliyan 140.6, ƙungiyar da ta zarce miliyan 170.8 kuma sai ta biya haraji, kuma ƙungiyar da ta haura iyaka ba ta karɓar ɗan wasa a musaya sai ta fitar da albashi mai kusan nauyin nasa. Saboda haka kwantiragi ake saye, darajarsa kuma da wa'adinsa take tafiya, kamar albasar da manomin Madawa ya adana a rudu: jira kan ƙara mata kuɗi, amma in lokaci ya wuce ruɓewa take yi.

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya kuma jagoranci Toronto Raptors, ya ɗanɗana zaƙin abin da ɗacinsa. A Yulin 2018 ya miƙa wa San Antonio DeMar DeRozan, abin son ƴan kallo, ya karɓo Kawhi Leonard da shekara ɗaya kacal ta rage masa. Toronto ta riga ta yi ƙarfi, mutum guda take nema, ta kuwa ɗauki kofi a 2019. Tafiyar Leonard bayan nan ba ta mayar da cinikin asara ba. Amma a farkon 2023, da ƙarfi ya ja baya, Ujiri ya riƙe Fred VanVleet har kwantiraginsa ya ƙare, ya tafi Houston, Toronto ta tashi a tutar babu. Pascal Siakam ɗan Kamaru kuwa sai a Janairun 2024 aka musanya shi zuwa Indiana, wa'adinsa na dab da cika, lokacin da mai saye ke da bakin magana.

Wasu za su ce sakin gwani don samun damar zaɓen matasa caca ce. Suna da hujja: Philadelphia ta shafe shekaru tana faɗuwa don samun damar zaɓen matasa, har ta ci wasa 10 kawai cikin 82 a kakar 2015-16, kuma ko da gwaninta Joel Embiid kofin bai zo ba. Sai dai abin da ya gaza a nan dogaro da faɗuwa ne, ba sayarwa da wuri ba. A 2019 Oklahoma City ta ba Los Angeles Clippers Paul George tun yana da sauran shekaru a kwantiraginsa, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da damar zaɓe biyar a zagayen farko. Ɗaya daga ciki ta kawo Jalen Williams, wanda ya yi fice yana kan ƙaramin albashin sabon shiga, aka samu sararin ɗauko wasu. A Yunin 2025 Oklahoma City ta ci kofi.

Sabbin dokokin NBA na 2023 sun ƙara takura masu kashe kuɗi fiye da kima, don haka matashi gwani mai arha ya ƙara daraja. Ƙungiyar da ke gab da kofi ta sayi gwani ko na shekara ɗaya ne. Wadda ke sabon gini ta sayar tun wa'adi na da tsawo. Jinkiri tsakanin biyun shi ne asara mafi tsada.