TAKI MAI RIGA DA TSAMIN ƘASA

Duk wanda ya taɓa karɓar magani a asibitin Birnin Kudu ya san akwai ƙwayar da akan ce a haɗiye ta ɗungum, kada a tauna, kada a daka. Dalili kuwa shi ne an sa mata wata 'yar riga wadda tsamin ciki ba ya iya narkarwa, sai ta gangara hanji inda tsami ya ragu sa'an nan ta buɗe. To, wannan dabara ba ta tsaya wurin likitoci kaɗai ba. Ta shiga sha'anin noma da kiwo, ya kamata manoma da 'yan kasuwa su san kanta, domin kuɗinsu ne a ciki.

MA'AUNIN TSAMI

Kowace uwargida ta san in yakuwa ta cika tsami a miya, kanwa ce ke kashe shi. Watau tsami da kanwa kishiyoyi ne. A shekarar 1909 wani masani na ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya tsara ma'auninsu, ana kiransa pH. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, kamar ruwa mai tsabta. Abin da ya kasa 7 tsami ne, ruwan lemon tsami yana wajen 2. Abin da ya ɗara 7 ya shiga gefen kanwa, kamar toka da farar ƙasa. Mai son ganin abin da idonsa sai ya zuba zoɓo cikin kofi biyu, ya matsa lemo a ɗaya, ya sa ruwan kanwa a ɗaya. Na farko zai daɗa ja, na biyu kuwa zai rine ya yi duhu.

Ƙasar gona ma tana da nata awo. Yawancin amfanin gona sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. In ƙasa ta yi tsami ainun, sinadarin fosfat, wanda ke ƙarfafa saiwa da cika ƙwayar gyaɗa, yakan kame ya ƙi shiga shuka. In ta cika kanwa ma haka. Ga abinci a rumbu, amma ƙofa a kulle.

DUTSEN DA TSAMI KE BUƊEWA

Takin supa da manoman gyaɗa suka saba da shi daga dutse aka samo shi. Dutsen fosfat ba ya narkewa a ruwa. A 1842 wani Bature a Ingila, John Bennet Lawes, ya yi rajistar hanyar jiƙa shi da ruwan asid domin ya narke da sauri, daga nan supa ya samo asali. Akwai irin wannan dutse a ƙasar Sakkwato da kuma Tawa ta Jamhuriyar Nijar. In aka niƙe shi aka zuba a gona ba tare da asid ba, tsamin ƙasa ne ke cinsa sannu sannu. Yana aiki a ƙasar da awonta ya kasa biyar da rabi. A ƙasa mai kanwa kuwa sai ya zauna kamar yashi, kuɗi sun tafi a banza.

Saiwar shuka ita ma takan tsatso da ɗan tsami in ta ji yunwar fosfat. Wani kamfani mai suna Ostara ya bi wannan hanya, yana yin taki mai suna Crystal Green, wanda ruwan sama ba ya narkar da shi sai kaɗan, amma yana saki in tsamin saiwa ya taɓa shi. Watau shuka ce ke buɗe rumbu da kanta sa'ad da take bukata.

A CIKIN SANIYA

Cikin saniya ɗaki huɗu ne. Na farko shi ne tumbi, tsaminsa kaɗan ne, wajen 6 ko sama da haka, kuma cike yake da ƙwayoyin halitta masu cinye duk abin da ya shigo. Na huɗu kuwa tsaminsa da ƙarfi, wajen 2 zuwa 3. Akwai sinadarin gina jiki mai suna metiyonin da ke taimakon saniyar tatsa, amma in an ba ta shi tsirara, a tumbi zai ƙare. Saboda haka kamfanin Adisseo na Faransa yake sa masa riga, sunan kayan Smartamine. Rigar takan wuce tumbi lafiya, sai a ɗaki na huɗu tsami ya ɓare ta. Ka ga an juya dabarar likitoci ke nan: tasu tana gudun tsami, wannan tana jiransa.

ABIN DA YA SHAFI BIRNIN KUDU DA GWARAM

Gonakin tudu na wannan yanki yawancinsu jigawa ce mai ɗan tsami-tsami, ruwa kuma na saurin wanke taki daga cikinta. A wasu fadamu kuwa akan ga farin gishiri a fuskar ƙasa da rani, alamar kanwa ke nan. Saboda haka takin da ya yi wa Malam wane kyau a tudu ba lalle ne ya yi wa maƙwabcinsa a fadama ba.

Har ila yau tsamin gona yana canzawa. A Samaru ta Zariya an fara wani gwaji tun 1950, ana zuba taki iri iri a filaye shekara da shekaru. An ga cewa filin da aka dinga zuba wa takin salfa shi kaɗai ya daɗa tsami, wanda kuwa ake haɗa masa da kashin shanu bai lalace haka ba. Ashe takin gargajiya ba abin yarwa ba ne.

Ga wani lissafi domin malaman ofis. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, abin da ke sa ganye ya yi shar. In aka watsa shi a fuskar ƙasa mai kanwa, ko aka gauraya shi da toka, wani kashi yakan zama iska mai yaji a hanci ya tashi sama. Manomi ya biya kuɗin buhu cikakke, dawa ta sami abin da ya rage.

SHAWARA

Na ɗaya, kafin a sayi taki a san ƙasa. A ɗebi ƙasa wuri kamar goma a gona, zurfin taƙi guda, a cuɗa, a shanya a inuwa, a kai wa malamin gona na hukumar JARDA ya nuna inda za a auna.

Na biyu, kada a haɗa toka ko farar ƙasa da yuriya ko salfa. In gona na bukatar toka, a zuba tun wajen sharar gona, taki ya biyo baya.

Na uku, a tona rami kusa da gindin shuka, a binne yuriya sa'ad da ƙasa ke da laima.

Na huɗu, ga masu saye da sayarwa a kasuwar Sara da sauran kasuwanni. Ba kowane taki mai launi ne mai riga ba. Yawancin masu rigar ma laima da zafi ke buɗe su, ba tsami ba, kuma sun fi na kullum tsada. A jefa 'yan ƙwayoyi cikin kofin ruwa. Yuriya tsirara za ta narke nan da nan, mai riga ta gaskiya kuwa za ta daɗe tana nan. Dokar ingancin taki ta 2019 ta hana algus, saboda haka a karanta rubutun jikin buhu, a karɓi rasit.

Manomin da ya san tsamin gonarsa ba ya sayen taki da ka. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.