Mazaunin bakteriya a kan haƙoran ɗan Adam

Bakin ɗan Adam mazauni ne na bakteriya kimanin iri 700. Yawancinsu ba sa cutarwa, kuma ba a warwatse suke ba: kowane sashe na haƙori yana da nau'o'in da suka fi yawa a cikinsa, gwargwadon iskar oksijin, yawu da ragowar abincin da ke isa wurin. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan ƙasar Holan, ya bayyana waɗannan halittu a 1683 bayan ya duba dauɗar haƙoransa da madubin ƙara girma.

Yadda suke mannewa

Mintuna kaɗan bayan an goge baki, sinadaran furotin na yawu sukan lulluɓe haƙori da siririn shimfiɗa. A kanta ne bakteriya na farko, irin su Streptococcus sanguinis, Streptococcus oralis da dangin Actinomyces, suke mannewa. Daga baya Fusobacterium nucleatum ya kama jikinsu, wasu nau'o'in kuma su kama nasa, har a samu dauɗa mai yauƙi.

Sassan haƙori

Kwarin turame. Saman turmin haƙori yana da ƙananan ramuka da abinci ke maƙalewa. Nan ake yawan samun dangin Streptococcus, ciki har da Streptococcus mutans, wanda J. Kilian Clarke ya bayyana a 1924. Yana mayar da sukari asid, kuma idan ma'aunin pH ya sauka ƙasa da kimanin 5.5, ɓawon haƙori yana fara narkewa, wanda shi ne mafarin kogon haƙori.

Tsakanin haƙora. Buroshi ba ya shiga nan sosai, don haka dauɗa takan daɗe. Ana samun Actinomyces tare da nau'o'in da ba sa son oksijin.

Sarari mai santsi. Gefen da ke fuskantar leɓe, kumatu ko harshe yana samun wanki daga yawu da gogayya, shi ya sa bakteriya suka fi ƙaranci. Sai dai a bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen kumatu na turamen sama, kusa da mafitar yawu, dauɗa kan taurare kamar dutse saboda ma'adinan yawu.

Ƙarƙashin dasashi. Ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi yana da ƙarancin oksijin. Porphyromonas gingivalis, Treponema denticola da Tannerella forsythia suna bunƙasa a nan, kuma ana danganta su da ciwon dasashi mai cin ƙashin da ke riƙe haƙori har ya yi girgiɗi ya faɗi.

Muhimmanci ga lafiya

Wannan bambanci ne ya sa goge sarari kaɗai da buroshi ko asuwaki ba ya wadatarwa. Likitocin haƙori suna ba da shawarar goge baki sau biyu a rana da man da ke ɗauke da fuloraid, tsaftace tsakanin haƙora da zaren sakace, da rage yawan shan zaƙi.