Ƙofar Da Aka Kulle Wa Lebura: Daga Challawa Zuwa Shenzhen

Duk wanda ya bi ta kasuwar Tudun Wada, nan Zariya, da hantsi, zai ga buhunan shinkafar gida jibge a ƙofar shaguna, ya kuma ga samari sun jera teburan gyaran waya da na caji. Amma da wuya ya ji wani mai saye, bayan an gama tayi an sallama, ya tambayi halin da mutumin da ya cashe shinkafar nan ko ya ɗaura wayar nan yake ciki. Alhali kuwa a bayan kayan nan biyu akwai labarin da ya kamata a sani, musamman a gari irin namu wanda samarinsa suke fita neman aiki Kano da Kaduna da Ikko.

A watan Yuni na 2020, lokacin da annobar korona ta sa hukuma ta hana zirga-zirga, 'yan sandan Kano suka shiga wata masana'antar casar shinkafa mai suna Popular Farms a unguwar masana'antu ta Challawa, da takardar izinin kotu a hannu, suka fito da ma'aikata waɗanda aka ce tun ƙarshen watan Maris ba su taka ƙofar waje ba. 'Yan sanda sun ce mutum 126 suka samu, su kuwa ma'aikatan suka ce sun kai 300. Bisa ga abin da suka shaida wa 'yan jarida, an yi musu alkawarin ƙarin kimanin N5,000 a wata idan sun zauna, aka kuma ce wanda ya fita ya fita ke nan, kada ya komo. Daga nan sai aiki ya yawaita, abinci ya ƙaranta, mara lafiya ya rasa magani, iyali kuma suka rasa hanyar ganin nasu. Asirin bai tonu ba sai da ɗayansu ya kira wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta waya.

Abin lura a nan shi ne, ita wayar da ta zama sanadin buɗe ƙofar, irinta ce ake ƙerawa a wuraren da lebura ya ɗanɗani ƙuncin da ya fi wannan. A birnin Shenzhen na ƙasar Sin, inda hedkwatar masu yin Tecno da Itel take, akwai wani kamfani dabam, Foxconn, na mutanen Taiwan, mai haɗa wa Apple da wasu manyan kamfanoni kayansu, wanda masana'antarsa ta Longhua kaɗai ta tara ma'aikata dubu ɗaruruwa, galibinsu 'yan ƙauye da suka baro iyayensu. A shekarar 2010 ma'aikatan kamfanin 18 suka yi yunƙurin halaka kansu, 14 suka mutu, dukkansu matasa tsakanin shekara 17 da 25. Masu bincike da suka bi diddigin al'amarin sun tarar da tsayuwa ta sa'o'i goma zuwa goma sha biyu ana maimaita motsi guda, da aikin ƙari wanda ya zarce sa'o'i 36 da dokar ƙasar ta iyakance a wata, da hana magana a bakin aiki, da ɗakin kwana inda mutum zai yi watanni bai san sunan maƙwabcin gadonsa ba. Kamfanin ya kafa raga a jikin benaye, ya ɗauko masu ba da shawara, ya kuma ɗaga albashin farko daga yuwan 900 zuwa 1,200. Duk da haka a 2014 wani ma'aikacinsu mawaƙi, Xu Lizhi, ya bi sahun waɗancan, ya halaka kansa yana ɗan shekara 24.

Ba mai hankalin da zai ce aiki shi kaɗai ne yake kai mutum ga wannan mummunan ƙarshe, domin ciwon damuwa cuta ce mai sabubba da yawa, kuma shari'a ta haramta wa bawa ya ɗauki ran da ba shi ya ba kansa ba. Sai dai haramcin da ke kan wanda ya yanke ƙauna bai wanke wanda ya ƙuntata masa ba. Malamanmu da suke karantar da Risala da Muhtasar a zaurukan birni sun san cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin ko muddarsa, an san ladan, kuma ɓangarorin biyu sun yarda. To, wace irin yarda ce ta mutumin da aka ce masa ko ya kwana a bayan ƙofa ko 'ya'yansa su kwana da yunwa? Wannan ya fi kama da tilas da aka yi wa ado da sunan zaɓi. Kuma abin da ya haɗa Challawa da Longhua ke nan: an raba mutum da danginsa, an toshe bakinsa, an lissafa shi cikin kayan inji.

Dokoki kam ba su yi mana ƙaranci ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana aikin tilas, akwai dokar ƙwadago ta 1974 da dokar masana'antu ta 1987, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga N30,000 na 2019 zuwa N70,000 a 2024. Inda gizo ke saƙar shi ne, tun da manyan masaƙun Kaduna suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, ƙungiyar ƙwadago ta raunana a Arewa, aikin wucin gadi ya yawaita, masu jira a bakin get suka ninka na ciki, har ya zamana wanda ya yi ƙorafi da safe, kafin azahar an ba wani gurbinsa. Ga shi kuma sashe na 231 na Penal Code ya mai da yunƙurin kashe kai laifin da ake ɗauri a kansa, abin da ke sa mai ciwon damuwa ya ɓoye halinsa maimakon ya nemi likita.

Saboda haka kira na farko ga ma'aikatar ƙwadago ne, ta riƙa aika masu duba masana'antu ba tare da sanarwa ba, su gana da leburori ba a gaban manaja ba. Na biyu ga masu dukiya, su tuna akwai ranar hisabi. Na uku kuwa gare mu ne: wanda yake da ɗa ko ƙane a wata masana'anta, kada ya tsaya ga tambayar abin da ya aiko, ya tambaye shi sa'a nawa yake barci, yaushe rabonsa da fita waje, in kuma ya ji muryarsa ta sauya, ya je ya gan shi, in ta kama ya kai shi ga likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna tun da sauran lokaci.